Da Aka Ɓoye Mu Kafin Zaɓen Magajin Gari

Ni ban nemi kujera ba, a lambu ta zo ta same ni. Ina tsugune ina cire ciyawa a cikin albasa sai ga mutum biyu daga jam'iyya, suka tsaya daga bayan shinge don kada laka ta taɓa musu takalma. Suka ce doka ta ce dole a sa mata cikin jerin masu neman majalisar gari, kuma sun duba duk unguwarmu ni ce na yi lakol, wato boko, har na iya sa hannu a takarda ba sai an dangwala mini yatsa ba. Iyakar abin da na fi sauran mata da shi ke nan. Na ce su je su tambayi maigidana, suka ce ai daga wurinsa suke.

Da don ta ni ce da ban yarda ba. Gwaggo ce ta sa ni, yayar mahaifina, wadda ita ce babbarmu a lambun. Ta ce in muna da tamu a cikin meri, wato ofishin magajin gari, ko ba ta iya komai ba, aƙalla za ta riƙa jin abin da ake ƙullawa a kanmu.

Lambun nan yana gangaren gabas da gari, gefen hanyar da motocin Gazawa ke bi. Tsohon maigari ne ya ba matan gari shi da baki a wata shekarar yunwa, tun ina ƙarama. Gwaggo na cikin waɗanda suka sare ƙayar wurin, suka haɗa ƙarfi aka gina rijiya, suka kewaye shi da kara da zogale. Kowace mace da fangalinta, wata biyu, wata uku, gwargwadon ƙarfin bayanta. Albasa, salati, tumatir, yakuwa. In maza sun tsallaka iyaka cirani, daga kaka har faɗuwar ruwa, lambun ne mijin kowa. Shi ke sayen sabulu, shi ke kai yaro likita, shi ke sa gishiri a miya. Takarda ce dai babu. Maigarin ya rasu, 'ya'yansa ba su ce ba a ba mu ba, ba su kuma ce an ba mu ba, in an tambaye su sai su ce Allah ya jiƙan tsoho.

Mutum biyu ne ke neman zama magajin gari. Na farko tsohon malamin lakol ne da ya ajiye aiki, rabin garin ta hannunsa suka bi, har da ni, kuma Malam kawai muke ce masa. Ba shi da mota, ba shi da murya, in yana jawabi na baya sai su yi ta tambayar me ya ce. Alkawari ɗaya ya yi mana, cewa in ya hau zai sa a yi wa lambun takarda da sunan matan gari, da hatimin meri a kai. Na biyu wani Alhaji ne mai manyan motoci, masu kai wake da dabbobi kudu. Zan faɗi gaskiyarsa, bai taɓa yi mana ƙarya ba. A bainar jama'a ya ce gari ya cika ya matse, dole ya buɗe ta gabas inda hanya take, a yanka filaye a yi shaguna da tasha. Ya ce su mata za a nema musu wani wuri. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san wurin da ake nufi, tudu ne, inda guga ke cinye igiya kafin ya taɓa ruwa.

Lokacin neman ƙuri'a hoton Malam ne a jikin kowace bishiya da kowane bango. Nawa ba a buga ba, kuma ban damu ba, don ban ga abin da fuskata za ta ƙara wa kowa ba. Aikina shi ne in bi gidajen suna da na biki in ce wa mata ga alamar da za su dangwala. Ba sai na sha wahala ba. Ranar zaɓe suka fito tun kafin a buɗe buro, wurin jefa ƙuri'a, har da masu jego da tsofaffin da aka riƙo da hannu. Da sakamako ya fito jam'iyyarmu ta fi kujeru, guɗa ta ɓarke a lambu, aka cika kwanduna da salati da tumatir aka nufi gidan Malam ana kiransa magajin gari. Ya fito da tabarau a hannu yana ta bayani, cewa ba a gama ba, 'yan majalisa aka zaɓa, waɗanda ake ce wa konseye, su ne nan gaba za su zauna su fitar da magajin gari a tsakaninsu. Gwaggo ta ce masa ya bar wannan kunyar tasa ta malamai, hotonsa suka gani, shi suka dangwala wa, magana ta ƙare. Ba wadda ta saurare shi. Ni kaina da nake konseyen, sai a taron jam'iyya na gane cewa ƙuri'ar matan nan duka an tattara ta an ɗora mana a ka, ni da wasu 'yan tsiraru, mu kai ta inda aka aike mu.

A nan ne na san al'adar ɓoyo. Ashe tsakanin zaɓen jama'a da zaman da konseye ke yi, nan ne kasuwa take ci. Mun fi ɓangaren Alhaji da kujeru kaɗan, irin kaɗan ɗin da in mutum biyu suka zame an gama da mu. Saboda haka in ranar ta matso, kowace jam'iyya sai ta kwashe nata ta kai su inda ba wanda ya sani, kamar yadda mace ke kife kwando a kan 'yan tsaki in ta ga shirwa.

Wata safiya cikin bazara na dawo daga ban ruwa, ko wanka ban yi ba, aka ce in shigo mota, taro ne a Maraɗi, kafin la'asar mun dawo. Na yafa mayafi a kan kayan da ke jikina na fito. Muka shiga Maraɗi muka fita ta ɗaya gefen ba a tsaya ba. Can bayan Cadakori aka saki hanya aka shiga yashi, sai ga mu a wani ƙauye, gidan wani ɗan jam'iyya mai shanu da yawa. A zaure wani ya bi mu da ƙwarya, kowa ya jefa salularsa. Na ce to wa zai gaya wa Gwaggo ta kula mini da fangalina? Aka ce maigidana ya sani. Ya sani kuwa, an kuma ce masa ya yi shiru, shi ko mutum ne da in babba ya ce masa ya yi shiru, ko gobara ya gani sai dai ya nuna da hannu.

Maza aka ba su rumfa a ƙofar gida, ni da ɗaya macen da ke cikinmu aka shigar da mu wajen matan gidan. Gobirawa ne masu kirki, suna dariyar yadda muke magana muna dariyar tasu. Ba a bar mu mun taɓa ko muciya ba. Kullum sai an yanka dabba. Mazan nan da na sani a gida suna fama da tuwo gaya, na ga sun koyi sakace haƙori da kwanciya rigingine, shayi na bin shayi, ana dara ana gardamar wa zai zama mataimakin magajin gari. Ni kuwa zaman ya ishe ni. Hannun da ya saba da guga in aka ajiye shi ciwo yake yi. Ina zaune a inuwa ina bin rana da ido, ina cewa yanzu ta kai kan salatina, yanzu ƙasar ta fara tsagewa.

Uwargidan wurin ta gaya mini ba mu ne na farko ba, duk zaɓe ana kawo musu irin baƙin nan, har sun san yawan hatsin da za su surfa. Ta matso ta tambaye ni a hankali me aka yi mini alkawari. Na ce takardar lambu. Ta ce a'a, ita tana nufin ni kaina, me za a ba ni. Da na ce babu, sai ta dube ni irin duban da ake yi wa marar lafiyar da bai san ciwonsa ba, ta ƙaro mini fura.

Wata rana aka kawo limamin ƙauyen da Alƙur'ani. Kowa ya yi alwala, ɗaya bayan ɗaya muka ɗora hannu muka rantse cewa Malam za mu jefa wa, in muka saɓa Littafin ya ci mu. Ban taɓa dafa Alƙur'ani a kan wata magana ba, amma raina ya kwanta. Na ce ko mazan nan ba su ji tsoron mata ba, sa ji tsoron wannan. Malam kansa ba ya tare da mu, an ce yana Maraɗi wajen manya ana shirya takardu.

Kwanaki suka yi ta tafiya, kayan jikina su ke nan, in na wanke sai in ɗaura aron zane in jira su bushe. Ana gobe za mu koma aka kawo mana ɗinkakkun kaya, maza riguna, mu atamfa sabuwa fil, wai kada mu shiga meri kamar waɗanda aka kwaso daga gudun hijira. Ban tambayi wanda ya saya ba, na ɗauka jam'iyya ce.

Da safe motoci suka zo, ba irin wadda ta kawo mu ba, masu sanyi a ciki. Sai da muka wuce Maraɗi wakilin jam'iyya da ke zaune gaba ya yi mana bayani, yana yi yana kallon taga. Manya sun zauna a Yamai. Jam'iyyarmu da ta Alhaji sun ƙulla ƙawance, an raba garuruwa, an ba mu wani gari da ya fi namu girma, mu kuma mun bar musu namu. Malam ya janye, ɗan takara ɗaya ne yau. Wani dattijo a bayana ya ce to rantsuwar fa? Wakilin ya ce an bincika, rantsuwar a kan jefa wa Malam ce, tunda bai tsaya ba babu abin da ya hau kan kowa. Na ji mazan sun sauke numfashi. Ana ta tsaronmu kada a saye mu tiya-tiya, ashe can an sayar da rumbun gaba ɗaya. Na tambayi motar wa muke ciki. Direba ne ya amsa, ya ce ta Alhaji ce. Na ce a sauke ni. Wakilin ya ce in ya sauke ni a dajin nan me zai gaya wa mijina, direba ya ƙara wuta.

A ƙofar meri mata sun cika, Gwaggo a gaba, sun zo su ga an ɗaura wa Malam ɗamarar magajin gari. Tun ranar da muka ɓace gari ke cewa Alhaji ne ya kwashe mu, wasu na ƙaryatawa, Gwaggo ta yi ta faɗa da mutane a kaina har muryarta ta dishe. Sai ga ni na fito daga motar da kowa a garin ya san mai ita, cikin sabuwar atamfa, fuskata ta ciko saboda cin nama da zaman inuwa. Jandarmomi suka buɗa mana hanya. Guɗar da aka fara ta tsaya, na wuce ta tsakiyarsu ba wadda ta kira sunana.

A ciki aka yi abin da Faransanci, da sauri. Malam na zaune a gefe, ya tsufa a 'yan kwanakin nan, bai ɗaga kai ba. Daga baya ya gaya mini an sa shi a ɗaki an nuna masa cewa ko ya tsaya ba wanda zai jefa masa, sai dai ya sha kunya a gaban ɗalibansa. Da aka kira ni na shiga bayan labule na liƙe ambulan babu komai a ciki na jefa. Da aka buɗe akwati aka sami ambulan ɗaya wayam, sauran duka na Alhaji. Na yi murna da ɗayan nan, na ce ga shaidata. Kafin magariba maza uku cikin waɗanda muka ci nama tare kowa ya rantse wa unguwarsu cewa nasa ne. Wa zai bar maganar dattijo mai gemu ya ɗauki ta mai sabuwar atamfa?

Washegari na koma lambu. Salatina ya ƙone, albasar tana da rai, an yi ta ba ta ruwa har ranar da na dawo, daga ranar kuma aka daina. Ba wadda ta zage ni. Da sun zage ni da na ji daɗi, don ina da bakin ramawa. Sai dai in na zo rijiya a miƙo mini guga da sauri, a ce Konseye ta fara ja, kada a ɓata mata lokaci. Na yi bayani, na yi rantsuwa, na ce su tambayi maigidana, suka ce ai kuwa, wa ya fi miji iya shaida. Na kyautar da atamfar, aka ce sun yi mata yawa har rabo take yi. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Waɗannan matan da su na yi goyo, da su na yi zaman makoki, mun ci a ƙwarya ɗaya a gindin zogale, yanzu in na iso hira sai ta koma ta tsadar gishiri. In takardar haihuwar ɗan wata ta maƙale a meri dai ana tuna ƙofar gidana, in je in karɓo, a yi mini godiya irin wadda ake yi wa ma'aikaci.

Zaman majalisa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. A jera kujeru, a raba lemo, sakatare ya yi ta karatu da Faransanci, wanda na tsinta na tsinta, wanda ya wuce ni ya wuce. Rabin mazan barci suke yi, in an ce a ɗaga hannu na kusa ya zungure su.

Alhaji bai yi gaggawa ba. Sai da damina ta zo ta wuce sannan aka kawo maganar yanka filaye. Na miƙe na yi magana da Hausa, na faɗi tun yaushe matan ke wurin, da yadda aka gina rijiyar, da bakunan da ke ci daga ciki. Aka saurare ni da ladabi, Alhaji har ya ce a rubuta cewa konseye ta yi magana mai muhimmanci. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ɗaki ya cika da hannuwa. Da aka zo kan waɗanda ba su yarda ba, ni ce da Malam. An ce zaman majalisa kowa na iya shiga ya saurara, amma ba macen lambu ko ɗaya da ta zo, don sun riga sun gama shari'ata tun a ƙofar meri.

Masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, suka bi ta kan fangali suna kafa turakun siminti. Aka ba mu zuwa ƙarshen rani mu kwashe abin da ke ƙasa. Aka tumɓuke albasa ba ta gama ƙosawa ba, aka sare zogalen shinge aka ɗaure dami-dami. Wurin da aka nuna wa mata a tudu, an je an gani an dawo.

Sai kuma wata al'adar da ban sani ba ta fito. Ashe in an yanka filaye, kowane konseye ana ba shi ɗaya. Na ce ba na so, su haɗa da nasu. Malam ne ya zo har gida, ya zauna a zaure da maigidana ya sa aka kira ni. Ya ce in na ƙi ba a fasa komai ba, wani za a ba, ya kewaye da bulo ya sa ƙofar ƙarfe. Ya ce in karɓa, amma in nace sai filin da rijiyar ta faɗa ciki, ko ba komai ruwan ya zauna a hannun mata. Na ga hankali a maganar, har yau ma ina gani. Na yi ta sintiri a meri, na yi cacar baki da wani konseye da ya riga ya sa ido a wurin saboda yana bakin hanya, na yi kuka a buron Alhaji, ofishinsa na meri, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Aka ba ni.

Na bi gida-gida na gaya wa mata cewa rijiya tana nan, filin nasu ne, ƙarami ne amma in aka matsa kowace za ta sami ko rabin fangali, kuma ba zan sa ƙofa ba. Kowace ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa a gina lafiya. Ba wadda ta zo. Abin da suke zargi a da yanzu ya sami turaku huɗu na siminti da sunana a takarda. Wasu suka koma ɓarar gyaɗa wa 'yan kasuwa, wasu surfe a gidajen masu hali, wasu suka zauna suna jiran abin da za a aiko daga cirani. Shaguna suka tashi hagu da dama, ni kaɗai a tsakiya da 'yan fangalina, magina na zuwa roƙon ruwa.

A tsakanin nan ne aka fara wata magana a rediyo, a shirin da mutane ke bugo waya. Wai a wasu ƙasashe an daina wannan zagaye-zagayen, jama'a ke zaɓen magajin gari da hannunsu, wanda aka ga hotonsa shi ne zai hau. Masu ilimi suka yi ta gardama, wani ya ce zai kawo rigima tsakanin magajin gari da majalisarsa, wani ya ce mai kuɗi ne dai zai ci ko ta yaya aka juya. Ni na riƙe maganar nan da hannu biyu. Ba wai na ɗauka za ta dawo da lambu ba, an riga an zuba siminti. Abin da na gani shi ne, da haka ake yi, da matan sun jefa wa Malam ya ci ko ya faɗi a gabansu da rana tsaka. Da ba a sa kowa a tsakiya ba, ba a ɗora wa kowa kaya an kai shi daji an ɓoye ba, da ni yanzu mai albasa ce kamar kowa. Na je na gaya wa Malam, na ce in aka canza dokar sai ya sake tsayawa. Ya yi murmushi ya ce idonsa yanzu ko babban baƙi ba ya gani, kuma waɗanda za su canza dokar su ne masu jin daɗin yadda take.

Ba a canza ba. Abin da ya zo shi ne sojoji suka karɓi mulki, bayan wani lokaci aka ce an rushe majalisun gari duka, aka turo mana wani daga sama ya riƙe meri. Muna gardamar ko jama'a su zaɓa ko konseye su zaɓa, aka hutar da mu gaba ɗaya. Alhaji ya koma kan motocinsa, shagunan suna nan inda suke. Na je wurin sabon da maganar mata, mutum ne mai sauraro, ya ba ni kujera, ya sa aka duba. Ya ce an yi komai bisa ƙa'ida, majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta amince, kuma ya ga ni ma ina cikin waɗanda suka amfana.

Abu ɗaya na yi wa murna, na daina zama konseye. Na ɗauka in sunan ya faɗi, abin da ke tsakanina da Gwaggo zai faɗi tare da shi. Na yanki zogale mai kyau, na ciro albasa da tumatir na cika kwando, na rufe da zane na tafi gidanta da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar wani, yatsunta duk sun tsattsage. Ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi, muka yi doguwar gaisuwa, gida, yara, gajiya, zafi. Na ajiye kwandon na ce mata an rushe mu, yanzu ni ba kowa ba ce, ta zo ta karɓi rijiyarta. Na fara rantsuwar da na saba, cewa ko dala ban karɓa ba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Bari rantsuwa, ɗiyata. Na san ba ki ci ba. Ni na yi maki wankan jego, na san abin da kike iyawa da wanda ba ki iyawa."

Na ce to me ya sa duk shekarun nan ta bar ni haka.

"Matan nan an ƙwace masu abinci," in ji ta. "Alhaji ya hi ƙarhinsu, manyan Yamai ko sunansu ba su sani ba. Ke ɗai ce hannunsu ka kaiwa. In na tashi na ce ba ki da laihi, wa zan ba su su riƙe? In kuma na shiga hilin nan ni ɗai, mu nawa munka gina rijiyar?"

Na ce to ni fa, Gwaggo, ni wa zan riƙe? Ta ci gaba da ɓara. Na sauka daga tabarmar na zauna a ƙasa kusa da ita na sa hannu a gyaɗar, ba ta hana ni ba, har muka gama abin da ke cikin masakin. Rabon da in zauna kusa da ita haka har na manta, kuma na ji daɗin zaman, ba zan ɓoye ba.

Da na tashi tafiya ta nuna kwandon da haɓa, ta ce in ɗauka, maƙwabta sun ga shigowata da shi. Na ɗora a ka, ina gyara zanen da na rufe shi.

"Cire zanen," ta ce. "Su gani ban taɓa ba."

Na cire. Na fito na bi lungun a hankali, kwandon a buɗe a kaina, ina gaida matan da ke ƙofar gidajensu ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa.